Kujera a Teburin Yaya

Da kwabbai dubu biyu na fara, kuma duk cikinsu babu wanda zai sayi ruwan sanyi. Kwabban wasa ne, irin waɗanda ake ba kowa kyauta idan ya buɗe kartar nan da ake kira foka a shafin sada zumunta. Shekarata goma sha tara a lokacin. Na gama sakandare a nan Jidda, ƙofar jami'a kuma ba ta buɗuwa ga irinmu cikin sauƙi, don haka ina zaune a gidanmu na Ammariyya, hawa na uku, ina taya Umma ninke atamfa, ina rubuta waƙoƙi a wani littafi da ba na nuna wa kowa.

Yayana ne ya kai ni wajen kartar, ba tare da ya sani ba. Ya girme ni da shekara huɗu, a Jidda aka haife shi kamar ni, amma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu a hannun kafilinsa, ɗan ƙasar da ke tsaya masa, wanda kullum amsarsa gobe. Wata rana yana sauke kwalayen turare a kasuwar Bab Makka aka tare layin, aka ce kowa ya fito da takarda. Bayan sati uku yana Kano, a gidan kawunmu, garin da bai taɓa gani ba sai a hotunan bikin Umma.

Duk Juma'a Umma takan sayi kati ta kira shi. Amsarsa ba ta canzawa: lafiya lau, alhamdu lillahi, kowa lafiya. Umma ta yi ta faɗin Allah sarki, ni ma in karɓi wayar in ce sannu Yaya, da irin muryar da ake duba mara lafiya. Kafin minti biyu ya ce zai tafi masallaci. Saƙonnin da nake tura masa a shafin kuwa ko ɗaya bai amsa ba. Wannan mutumin fa shi ne wanda tun daga ƙasan bene ake jin dariyarsa kafin ya hawo.

Wata rana bayan la'asar na buɗe tsohuwar laftof ɗin da ya bari, sai na ga an rubuta ƙarƙashin sunansa: yana wasa. Na danna. Wani koren tebur ya bayyana da kujeru tara, ga hoton Yaya a ta uku, cikin farar jallabiyarsa a bakin teku. A gefe akwai akwatin hira, kuma a ciki yana tsokanar wani Bamisre da Larabci, yana yi wa gashin bakinsa waƙa, mutane suna ta dariya. Na rubuta sallama, akwatin ya ƙi karɓa, wai sai wanda ke zaune. Na danna kujerar da ba kowa, aka ce sai mai kwabbai dubu ɗari biyu. Na dubi dubu biyuna. Ni kaɗai a ɗaki na yi dariya har da riƙe ciki, don na ga inda yayana ya ɓuya, kuma na ga kuɗin shiga.

Umma ta leƙo, ta ga karta, fuskarta ta canza.

"Ba dai caca ba?"

"A'a, Umma."

"Ana sa kuɗi?"

"Ba a sawa."

"Ana cirewa?"

"Ba a cirewa."

Ta dube ni. "To wahalar ta mece ce?"

Na nuna mata hoton. Ta matso da fuskarta dab da gilashin, ta sa na karanta mata abin da yake rubutawa sau biyu. Daga nan ta miƙe ta ce in na gama akwai ninki.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. A ba kowa karta biyu a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya kaɗan-kaɗan, wanda haɗinsa ya fi kyau ya kwashe abin da aka tara. Idan wani ya zuba kwabbai, ko ki bi shi, ko ki ƙara a kan nasa, ko ki ajiye kartarki ki haƙura. Na gane wannan a yini ɗaya. Abin da ban gane ba shi ne ni kaina.

Kara ce ta yi ta cinye ni. A ƙaramin teburin da nake zama akwai wani dattijo Baturke mai furfura a hoto, wanda duk wanda ya zauna sai ya aiko masa da hoton kofin shayi. Mutumin da ya ba ka shayi, sa'an mahaifinka, ya za a yi ya zuba ka ƙara masa? Kuma in ajiye, sai in ga kamar ya yi mini magana na juya masa baya. Saboda haka bin sa nake yi, shi da kowa, da kowace irin karta, kamar mai raka baƙi bakin ƙofa. Burga kuwa, wato ki zuba da yawa alhali ba ki da komai don a tsorata, duk lokacin da na gwada sai na ji bakina yana istigfari. Kullum da safe a ba ni kwabbai kyautar yini, kafin azahar dattijon nan ya shanye ta, ya aiko mini da wani shayin. Sati uku ina haka.

Ranar wata Asabar Umma ta ce in sa abaya in raka ta Bab Makka saro kaya. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni, ta sari atamfa da mayafai ta sayar wa matan unguwa da alhazai. Kafin mu fita na ga ta zauna bakin gado tana ƙulle kuɗinta a ƙyallaye uku. Ɗaya ta tura ƙarƙashin katifa, ɗaya ta sa can cikin rigarta, ɗaya a jaka. Na sha ganin tana haka, ban taɓa tambaya ba.

"Na jakar kawai mai shago zai gani," in ji ta. "Idan na yi wauta, wautar ƙulli ɗaya na yi."

A shagon wani Bayamane ta ɗaga wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye, wadda ni tuni zuciyata ta ɗinka ta ta sa. Ya kawo mana shayi. Ya kira ta hajja, ya tambayi 'ya'ya, ya rantse da Allah don ita ce kawai. Umma ta sha shayinsa tas, ta yi masa addu'a, ta bari shi ya fara faɗin farashi, sannan ta ajiye atamfar ta ce, "Albarka," da Hausa, kamar ita ce mai sayarwa. Muka fito.

"Umma, kin sha masa shayi fa."

"Shayin ya yi daɗi."

"Ba ki ji kunya ba?"

"Kunyar me? Na gaishe shi, na gode masa. Shayi daban, ciniki daban. Ke kuma ki daina shafa kaya sau biyu a gaban mai shago, ya riga ya san kin saya."

A motar haya muna komawa, ledoji a cinyata, ji nake kamar in buɗe taga in sanar wa duk titin. Ina shiga gida ko abaya ban cire ba na buɗe laftof. Dattijon ya aiko da shayi, na aika masa da fure, ya zuba, na dubi kartata, uku da takwas, na ce "Albarka!" da ƙarfi na ajiye. Babu abin da ya faru. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Shi ma bai ji haushi ba, ya juya ya ci wani.

Daga ranar na fara ƙulli. A raina nakan raba kwabbaina ashirin, in zauna da ɗaya kawai, sauran suna ƙarƙashin katifa. In ƙullin ya tafi in tashi in sha ruwa, in leƙa taga in kalli tantabaru a kan tankunan maƙwabta, ba na kwance na biyu sai zuciyata ta sauka. Cikin hannu goma, wato rabon karta goma, nakan ajiye takwas. Zaman jiran ya yi yawa har na koma ajiye littafin waƙoƙina a gefe, kuma rabin abin da na rubuta a shekarar tsakanin albarka da albarka na rubuta shi. Na gane daɗin zama a kujerar da ke magana ƙarshe, bayan kowa ya faɗi farashinsa. Na gane masu shafa kaya sau biyu: wanda ya yi jinkiri ya yi jinkiri sannan ya zuba da yawa, ba shakka yake ba, murna yake ɓoyewa. Ranar da na fara ƙara wa dattijon nan na kuma ci shi, sai da na zagaya falo da gudu ba takalmi, Umma tana cewa zan zubar mata da miya.

Babban sirrina kuwa ladan ne ya ba ni. Na lura cewa in saura minti biyar a kira la'asar, 'yan ƙasar nan da ke tebur sukan haukace. Mutum zai tashi, ya san mahaifinsa na shirin buga masa ƙofa, sai ya tura duk abin da ke gabansa da kowace irin karta, ko ya ninka ko ya huta. Ni kuwa tun ƙarfe uku na yi alwalata, ina zaune da haƙurina. In karta mai kyau ta zo a wannan ɗan tsakanin, sai in buɗe zane kawai in tara. Na fara neman tebura masu hotunan motoci da shaho da jan rawani. Da azumi ya zo abin ya ƙaru, don mai jin yunwa ba ya iya jira. Wani lokaci nakan ɗan ji nauyi, in ce anya ya dace a yi wa masu hanzarin salla kwanton ɓauna, sai in tuna ni ma sallar zan yi, kuma na riga su alwala.

Dubu ashirin, dubu sittin, dubu ɗari. Ina wanke-wanke ina murmushi. Ina ganin karta a zanen atamfa. Bayan kowace la'asar, lokacin da su a Kano ba a daɗe da azahar ba, Yaya yakan shiga shagon intanet na unguwarsu ya sayi awa ɗaya, ni kuma in je in tsaya bayan teburinsa kamar mai leƙen biki ta katanga. Na san wasansa fiye da yadda ya san shi. In kartarsa ta yi kyau shiru yake yi. In burga ce sai surutu: yalla ya jama'a, muna da aiki. Haka yake tun muna yara, ranar da ya sha wa Umma madarar gwangwani ya fi kowa labari.

A dubu ɗari da sittin na yi wautata. Saura arba'in, na ga kamar in miƙa hannu in taɓa kujerar. Na kwance ƙullin duka na hau wani babban tebur, aka ba ni sarauniya biyu, kyawawa kamar amare, na tura komai. Wani mai hoton mota ya juyo sarki biyu. Shi ke nan. Na sauka daga kujera na kwanta a kan tayil, kumatuna a sanyinsa, ina kallon ƙafar kabad.

Umma ta tsallake ni da tiren shinkafa. "Ƙulli nawa kika kwance?"

"Duka."

"Halas, ya wuce. Tashi ki tsince mini wannan."

Washegari na koma wajen dattijona da kyautar yini. Ya aiko da shayi kamar jiya muka rabu. Karo na biyu ya fi sauri, don yanzu na san hanya, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan je wajen Yaya da kuɗin kujera cif ba, in zauna a kore ni kafin in gama sallama. Sai na tara miliyan. Aikin hajji ya zo ya cika mana gida da alhazan garinsu Umma da ƙullin kaya, wani yinin ko laftof ba na buɗewa. Sai bayan jirage sun kwashe su, gari ya yi sanyi-sanyi irin na Jidda wanda bai wuce a kashe na'urar sanyaya ɗaki ba, na ga lambar ta cika.

Na yi wanka na shafa turare, wallahi, don zama gaban laftof. Bayan la'asar na danna kujerar da ke fuskantar tasa, ta karɓe ni. Hotona na furen yasmin ya bayyana a tebur. Na rubuta, "Salamu alaikum, Yaya."

Aka raba hannu ɗaya, aka raba na biyu. A na uku rubutu ya fito.

"Ke, wa ya ba ki kuɗin shiga?"

"Gumina ne."

"Sata dai. Umma ta san kina nan?"

"Tana bayana."

Gaskiya ne, ta jawo kujerar roba ta zauna da carbinta. Ya rubuta wa teburin da Larabci cewa wannan ƙanwarsa ce, a yi mata a hankali, ko kirga canji ba ta iya ba. Bamisren nan ya aiko mini da shayi. Na ci shi dubu tamanin a hannu na gaba, na aika masa da fure. Yaya ya cika akwatin da dariya. Ni kam ban san ko a kujera nake ko a iska ba.

Sai aka ba ni bakwai guda biyu. A tsakiya aka shimfiɗa sarki, da biyu, da bakwai. Bakwai uku ke nan nawa, haɗi mai ƙarfi, kuma a ɓoye. Yaya ya zuba, kowa ya ajiye, na bi. Aka juyo tara, ya ƙara zubawa, na bi. Aka juyo huɗu. Sai ya tura duk abin da ke gabansa, akwatin hira kuma ya fara cika: yalla ya auta, muna da aiki, yalla, awata za ta ƙare.

Ba shi da komai. Na sani kamar ina tsaye a bayansa. Na kuma san wani abu, don na duba shafinsa tun da rana: satin bai yi masa kyau ba, abin da ke kan teburin nan shi ne duk abin da ya rage masa. In na bi, kujerarsa ta tafi, wurin nan ɗaya da yake dariya, kuma ni ce na tashe shi a ranar da na zo. Wata bakwai ina hawa don in zauna kusa da shi. Layin lokaci ya fara ƙanƙancewa, kore ya koma rawaya. Na kai hannu wajen ajiyewa. Yayana ne, ya girme ni, yana can garin da ba nasa ba.

"Me ake jira?" in ji Umma.

"Ya tura duka."

"Kayanki sun fi nasa?"

"Sun fi."

"To?"

"Umma, Yaya ne fa. Allah sarki, shi ke nan abin da..."

Ban ƙarasa ba, don na ji muryata. Muryar ranar Juma'a ce, ta duba mara lafiya, wadda ba ya iya jurewa minti biyu. Layin ya koma ja. Na danna bi.

Sarauniya da goma ne a hannunsa, ba su haɗu da komai ba. Kwabban suka zubo gabana da ƙararsu, hotonsa ya ɓace, kujerar ta koma fanko. Bamisren ya rubuta wani abu, ban karanta ba. Na zauna da tarin da ban taɓa riƙe irinsa ba, idona ya cika da hawaye, ina jin ƙarar fanka da ƙwayoyin carbin Umma.

Ba a yi minti uku ba wayar Umma ta yi ƙara a kan firji. Lambar Najeriya. Tun tafiyarsa bai taɓa kiranmu da kansa ba. Umma ta ɗauka, ko sallamarta bai bari ta gama ba, daga inda nake ina jin sa: "Umma, ba ni 'yar nan!"

"Bakwai biyu!" ya faɗa cikin kunnena. "Esh hada, mene ne wannan? Kina zaune da bakwai biyu kamar ta Allah kina bi na? Ni? Ni da na koya miki ɗaure takalmi?"

"Kai ka ce muna da aiki."

"Wa ya koya miki? Faɗa mini sunansa in je in same shi."

"Umma."

"Umma?" Ya fashe da dariya, irin ta ƙasan bene, har sai da na janye wayar daga kunne. "Wallahi an ci amanata a gidan nan. Mai shagon ma yana nan yana yi mini dariya. Ke, kin san nawa nake biya awa ɗaya? Kin san sau nawa ake ɗauke wuta ina tsakiyar hannu?"

Na ce ban sani ba, ya faɗa mini. Ya kuwa faɗa. Ya ce sauron Kano ya san shi da suna. Ya ce in ya yi Hausa a kasuwa sai a ƙara masa kuɗi, wai ɗan Makka ya zo, shi kuma har yau in ya tashi cewa bari sai ya ce halli. Ya ce kawu yana tashinsa tun asuba da rediyo. Ya ce ya fara bin wani mai gyaran firji, hannunsa duk ya yi baƙi, amma mutumin ya ce yana da kai. Ya ce ya ci wani abu wai shi gurasa da ƙuli, kuma kada in gaya wa Umma, ya fi mutabbaƙ ɗin Bab Makka. Umma tana jan hannun rigata tana cewa in ba ta, ni ina zagaya firji da wayar ina dariya ina share hanci.

"Gobe bayan azahar ɗinmu," in ji shi, "ki sauko teburin talakawa ki same ni. Kuma in kika kuskura kika ajiye mini karta don tausayi, wallahi sai na..."

Katinsa ya ƙare. Umma ta karɓi wayar ta dube ta, ta dube ni, ta ce minti ashirin da biyu, ita ko gaisuwa ba ta samu ba, kuma gobe ita za ta zauna gaban akwatin hirar, ni in yi ta kartata.